Yadda za ka gina barde irin na Zazzau a wasan Dungeons & Dragons

Wani ɗalibi daga Samaru ne ya aiko da tambayar. Ya ce shi da abokansa huɗu sun fara zaman Dungeons & Dragons duk daren Asabar, wato wasan teburi da kowa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labari, ana jefa dayis don yanke abin da zai faru, kuma shi aka ba wa mayaƙi. Da ya duba takardarsa sai ya ga kamar ba shi da aiki sai ya kai sara a kawo masa, alhali sauran suna ta abubuwan ban mamaki. Yana son jaruminsa ya zama irin baraden da yake gani a hawan Sallah, da doki da lifidi da mashi. Ta ina zai fara, kuma me dokar wasan ta yarda ya canza?

Ƙanena, ba a cuce ka ba da aka ba ka mayaƙi. A duk rukunonin jarumai da ke cikin littafin dokokin wasan babu wanda ya kai shi karɓar gyara. Kowace irin rigar yaƙi ta halatta gare shi, kowane makami ya iya riƙewa, kuma shi ne ya fi kowa samun damar ƙara maki: sau bakwai, a mataki na 4, 6, 8, 12, 14, 16 da 19, inda yawancin sauran ke samun biyar. Amma kafin ka taɓa biro, tambayi mai jan wasanku, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, wane littafi yake bi. Wasan ya fito tun 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, an sha sake shi, kuma a yau littattafai biyu ne ke yawo a hannun mutane, na 2014 da wanda aka gyara a 2024. Duk lissafin da zan kawo maka na 2014 ne. Idan na 2024 kuke bi, tsarin tunanin yana nan daram, lambobin ne za ka sake dubawa, musamman na makamai.

Canji iri biyu ne. Akwai canjin suna da kama, akwai canjin lamba. Na farko naka ne, ba ka bukatar izinin kowa face ka sanar. Dogon takobin da littafi ya ba d8, wato dayis mai fuska takwas da ake jefawa a auna ɓarnarsa, ka ce takobin kakanka ne, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, a kuben jan fata mai ratayen kafaɗa. Garkuwa ka ce ta fatar dabba ce. Ba abin da ya motsa a lissafi. Na biyun kuwa, wato ka ce makamina ya fi na littafi ɓarna ko rigata ta fi tsare jiki, wannan sai da yardar mai jan wasa, kuma shawarata ka rage nemansa. Yawancin rigimar da na gani a teburi daga nan take tasowa: mutum ya zo da labari mai daɗi, amma a ƙarƙashinsa ƙarin maki yake nema. Abokan wasa suna ganewa, kuma ba sa jin daɗi.

Lifidi ne wurin da kusan kowa ke faɗawa rami. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin ƙasar Hausa, kuma Zazzau na cikin ƙasashen da ya yaƙa. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki a sa wa mahayinsa, kibiya ta zo ta maƙale ba ta kai ga fata ba. A zamanin da ake shafa wa kibiya dafi, wannan ba ƙaramar kariya ba ce, shi ya sa 'yan lifida suke cikin manyan mayaƙan sarki. To sai ka buɗe littafin wasa ka nemi riga mai cushen auduga, ka tarar ita ce ta ƙarshe a daraja: kariyarta, wato lambar da maƙiyi zai kai kafin saransa ya same ka, 11 ce da ɗan abin da zafin namanka ya ƙara, kuɗinta zinare 5, ga shi kuma tana hana saɗaɗawa. Wanda ya zaɓe ta don kawai ta yi kama da lifidi ya kashe jaruminsa tun ba a fita ƙofar gari ba. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki cikakken sulke, wanda littafi ke ba mayaƙi kyauta a kayan farawa. Kariyarsa 16, yana neman ƙarfi 13. Sai ka rubuta a takardarka cewa jaruminka yana sanye da sulke a ciki, lifidi a kai, kwalkwali an naɗe shi da rawani. Da garkuwa ka kai 18. Nauyi da ƙarar da dokar ta ɗora wa sulke, har ta sa idan za ka saɗaɗa sai ka jefa dayis biyu ka ɗauki ƙarami, sun yi daidai da mutumin da ke tafe cikin wannan kaya. Ba ka karya doka ko ɗaya ba, kuma ga barde ya fito.

Makin jiki ba sai mun daɗe a kai ba. Idan kuna amfani da jerin da littafi ya tanada, 15, 14, 13, 12, 10, 8, kuma mai jan wasa ya yarda da nau'in ɗan Adam mai fara wasa da baiwa ɗaya, wato wata gwaninta ta musamman, ga yadda ni zan raba: 15 a ƙarfi, 13 a juriya, ka ɗora musu ƙarin ɗaya-ɗayan da ake ba ka su koma 16 da 14. Sannan 14 a kwarjini, 12 a lura, 10 a zafin nama, 8 a ilimi. Zafin nama ba ya ƙara wa mai sulke kariya, don haka ba asara. Jininka na farawa, wato yawan ɓarnar da za ka iya sha kafin ka faɗi, 12 ke nan, kuma duk saran da ka kai kana ƙara 5 a kan abin da d20, dayis mai fuska ashirin, ya nuna. Mutane da yawa za su ce ka zubar da kwarjini, mayaƙi bai bukatarsa. Ban yarda ba, kuma za ka ga dalili idan mun zo kan kirari. Shi kuma 8 a ilimi ba ya nufin jaruminka wawa ne. Mutum ne da bai zauna gaban malami ya daɗe ba, amma ya san doki, ya san daji, ya san fuskar mai ƙarya.

A matakin farko za ka zaɓi salon faɗa. Biyu ne suka dace da kai. Ɗaya yana ƙara 2 a ɓarnar makamin da ka riƙe da hannu guda, wato takobinka ya koma d8 da ƙarin 5, tsaka-tsaki tara da rabi a kowane sara. Ɗayan yana ƙara 1 a kariya, ka koma 19. Ka duba bambancin da kyau: ƙaramin maƙiyi mai ƙarin 4 a saransa yana samun mai kariya 18 sau 7 cikin 20, mai 19 kuwa sau 6. Ana jin wannan, amma ƙarin 2 a ɓarna ya fi fitowa fili, kuma yana ninkuwa da zarar ka kai mataki na 5 ka fara sara biyu a zagaye guda. Ni na farkon zan ɗauka. Ƙananan gatura biyu na jifa da ke cikin kayan farawa kuma, ka roƙa a musanya maka da māsun jifa. Ɓarnarsu ɗaya ce, d6, sai dai mashin ya fi nisan zango, ƙafa 30 maimakon 20, kuma ya fi kama da mutuminka.

Yanzu doki, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ka, kuma a nan zan ɗan ja ka baya. Na san abin da kake gani a ranka: dawakai sun taho a sukwane zuwa ƙofar fada, ƙura ta tashi, an ja linzami an yi jinjina, ga kakaki ga tambari. Dokar wasan tana da abin da zai ba ka wannan. Doki yana tafiyar ƙafa 60 a zagaye, ninki biyu na mutum. Dogon mashin mahaya yana ɓarnar d12, yana kai wa maƙiyi daga ƙafa 10, kuma a kan doki da hannu ɗaya ake riƙe shi, don haka ga garkuwarka ga ƙarin 2 ɗin salonka. Dokin da kake sarrafawa yana iya janyewa daga maƙiyi ba tare da an kai masa sara ba, kai kuma aikinka na zagayen yana nan. A fili, babu mayaƙin ƙasa da zai kama ƙafarka.

Matsalar ita ce wasan ba a fili kaɗai ake yin sa ba. Rabin sunansa ma kurkukun ƙarƙashin ƙasa ne. Ka gwada wannan kafin ranar Asabar: ɗauki takarda ka ja layuka, kowane gida ƙafa 5. Murfin kwalbar lemo shi ne mutum, gida ɗaya yake ci. Kwalin ashana shi ne doki, yana cin gida biyu a tsaye biyu a kwance. Yanzu zana lungu mai faɗin gida ɗaya, irin lungunan cikin birni da idan mai kura ya shigo sai ka manne da bango, ka tura kwalin ciki. Dokar ta ce zai iya kutsawa, amma kowace ƙafa ɗaya tana cin biyu, kuma duk mai kai masa sara yana jefa dayis biyu ya ɗauki babba. Ka ƙara da matakala, ko rijiya da za a sauka da igiya, ko zauren da ƙofarsa sai an sunkuya. Dokin yana waje a ɗaure. Shi kuma dogon mashin, da ka sauka sai da hannu biyu, garkuwa ta tafi ke nan, kuma idan maƙiyi ya matso jikinka dayis biyu za ka jefa ka ɗauki ƙarami.

Ga kuma kuɗi da rai. Dokin hawa zinare 75 ne, jininsa 13. Dokin yaƙi 400, jininsa 19. Mayaƙin da ya zaɓi karɓar kuɗi maimakon kayan farawa, ko dayis ya so shi iyaka, 200 zai samu. Sannan jinin doki ba ya ƙaruwa yadda naka ke ƙaruwa. Idan kuka kai inda maƙiya ke jefa dunƙulen wuta mai d6 takwas, tsaka-tsakinsa 28 ne. Ko dokin hawa ya yi sa'ar kaucewa ya sha rabi, 14 ta fi 13. Na ga yadda fuskar ɗan wasa ke canzawa idan dokin da ya raɗa wa suna, ya yi makonni yana ba da labarinsa, ya faɗi a zagayen farko. Ba na so ka ɗanɗani wannan ba shiri.

Saboda haka ka gina mutumin da ya cika barde ko yana ƙasa, doki ya zama ƙari a ranar da fili ya samu. Kuma akwai hanya mai kyau a cikin littafin da mutane ke tsallakewa. Idan ka zaɓi asalin soja, ana ba ka muƙami, kuma dokar ta ce da muƙamin nan kana iya karɓar aron ƙananan kaya ko dawakai daga rundunarku na ɗan lokaci. Wannan ya zauna daidai da yadda abin yake a ƙasarmu, inda ubangida ke ɗora yaronsa a kan doki. Ka je wurin shamaki ka karɓa, ka fita da shi, ka dawo da shi. Idan ya mutu a hannunka, akwai wanda za ka tsaya gabansa ka yi bayani, kuma wannan kaɗai ya isa zaman dare guda mai daɗi. Asalin sojan yana ba ka gwanintar motsa jiki da ta tsoratarwa, har da iya wasan allo guda, sai ka ce dara ce. Daga jerin mayaƙi ka ɗauki iya dabbobi da sa ido. Idan ka tara kuɗi kana son yi wa doki lifidi, ka tuna rigar doki ninki huɗu ce ta kuɗin ta mutum. Mai zobba, wadda kariyarta 14, za ta ci 120. Ita za ka saya ka kira ta lifidi.

A mataki na 2 za ka sami damar yin aiki biyu a zagaye ɗaya, sau guda kafin hutu. A na 3 ne hanya ke rabuwa. Reshen Champion shi ne mafi sauƙi: mummunan sara yana fitowa a 19 da 20 maimakon 20 kaɗai, wato daga kashi 5 cikin ɗari zuwa 10. Shi ne kuma ke cikin dokokin da kamfanin Wizards of the Coast ya saki kyauta a intanet, abin da ke da muhimmanci ga ɗalibi idan aka dubi kuɗin littafin a naira. Amma kukanka shi ne ba ka da zaɓi a fagen fama, kuma Champion ba zai share maka hawaye ba. Akwai reshen Cavalier a littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017, an yi shi don mahaya, kuma yana aiki ko a ƙasa. Duk da haka Battle Master nake ba ka shawara. Yana ba ka d8 guda huɗu da kake kashewa a kan dabaru, su dawo bayan hutun awa ɗaya, kuma za ka fara da dabaru uku. Ɗauki ta kayarwa: ka sari maƙiyi, idan bai kai 13 a jifan ƙarfinsa ba ya sha ƙasa, duk abokinka da ke kusa da shi ya jefa biyu ya ɗauki babba. Ɗauki ta razanarwa, wadda ke iya sa maƙiyi ya kasa matso ka har ƙarshen zagayenka na gaba. Ta ukun ita ce ta ƙarfafa gwiwa, inda kake ba abokinka jinin wucin gadi, d8 da ƙarin kwarjininka.

Ka ga inda kwarjinin ya fara biya. Barde ba ya shiga yaƙi shiru. Yana kirari, ana yi masa, kuma kirarin nan aiki yake yi a zukatan mutane. Baiwar da ake kira Inspiring Leader tana neman kwarjini 13. Ka yi minti goma kana zuga mutanenka, har mutum shida da kai a ciki, kowa ya sami jinin wucin gadi daidai da matakinka da ƙarin kwarjininka. A matakin farko 3 ne kowanne. Kana ganin kaɗan ne, amma mai sihirin da ke tare da ku wataƙila da jini 7 ko 8 ya fara, kuma bayan kowane hutu kana iya sakewa. Dokar ta ce halitta shida, ba ta ce mutane ba, don haka dokinka ma yana iya shiga lissafi. Ita nake so ka fara da ita. Ka zauna ka tsara wa jaruminka kirarinsa na kansa, layi uku ko huɗu, kada ka ɗauko na wani basarake ko na wani gida. Ka faɗe shi da murya a teburin, ba wai ka ce "na yi kirari" ka wuce ba. Da farko za a yi dariya. Zuwa zama na uku za ka ji wani yana amsa maka.

Reshe na ukun da ke cikin littafin 2014, bayan Champion da Battle Master, mai haɗa takobi da sihiri, yana neman ilimi mai yawa, kuma rabon makin da na ba ka bai dace da shi ba. Wasu kan so su fassara shi da layu da guraye da maganin ƙarfe. Wannan magana ce da teburinku zai zauna ya yanke tun farko, domin ba kowa ne ke sakin jiki da ita ba, kuma bai kamata a tilasta wa kowa ba.

Abin da ya rage shi ne wanda lamba ba ta bayarwa. Yaron wa ne? A Zazzau ta dā, Madaki ne shugaban mayaƙan doki, ga Galadima, ga Wambai, ga Dallatu, kowanne da mutanensa. Jarumin da ke ƙarƙashin babban hafsa yana da inda zai kwana da wanda zai tsaya masa, amma ba ya tafiya sai an sallame shi. To me ya fitar da shi daga birni ya haɗu da waɗannan mutum huɗun? Aike aka yi masa? Laifi ya yi aka kore shi? Ubangidansa ne aka tuɓe, gidan ya watse? Littafin yana neman ka rubuta abin da jaruminka ya yi imani da shi, abin da ya ɗaure shi, da aibinsa. Wajen aibin kada ka rubuta "yana da zafin rai", kowa haka yake rubutawa. Nemo shi daga kayan jikinsa. Auduga da wuta ba sa shiri, kuma ɗan lifida ya san haka fiye da kowa. Mutumin da ya taɓa ganin abokinsa ya kama da wuta a cikin lifidi, har yau ba ya zama kusa da murhu, kuma idan aka ɗaga masa bakin wuta a yaƙi sai ya ja da baya taku ɗaya kafin ya tuna ko shi wane ne. Mai jan wasa zai ji daɗin wannan, domin ka ba shi abin da zai taɓa.

Ina roƙonka abu ɗaya: ku ƙirƙiri masarautarku. Ku ɗauki ganuwa da ƙofofi, ku ɗauki dutse irin Kufena a bayan gari, ku ɗauki tsarin sarauta, amma ku ba ƙasar wani suna, sarkinta ma haka. A wasa ana cin amana, ana kashe sarki, ana ƙona gari, kuma gidajen sarautar Zazzau suna nan da jikokinsu, wataƙila har a ajinku. Tarihin kuwa ku sha daga gare shi yadda kuke so. Tarihin Kano ya ce Amina ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000. Ka kai wa mai jan wasanku wannan: ayarin goro ya taso daga kudu, madugu yana neman masu rakiya, hanya ta bi ta daji da mashigin kogi. Ga fili ga doki, kuma kowa a teburin yana da abin yi. Idan akwai 'yar'uwa a cikinku da ke son mayaƙiya, dokar ba ta rage wa mace ko maki ɗaya ba, duk abin da na faɗa ya hau kanta.

Daga nan sai hawa mataki. A na 4 ka kai ƙarfinka 18, kada ka yi kwaɗayin wata baiwa tukuna, domin ƙarin 1 a kowane sara da kowace ɓarna ya fi duk abin da za ta ba ka a lokacin, kuma yana ɗaga lambar dabarunka, wato 13 ɗin nan da maƙiyi ke neman kaiwa. A na 5 sara biyu ya zo. A na 6 ne za ka duba yadda wasanku ya kasance. Idan kun fi yawo a fili kuma ka mallaki dokin yaƙi, ɗauki Mounted Combatant: tana ba ka jifa biyu a kan duk na ƙasa da bai kai dokinka girma ba, tana ba ka ikon karɓar saran da aka nufi dokin da shi, kuma idan aka jefo wutar nan ya kauce, ko ƙwarzane ba zai samu ba. Idan kuwa kun fi shiga kogo da kango, ɗauki Sentinel, wadda ke tsayar da duk maƙiyin da ya nemi wuce ka cak idan saranka ya same shi, ka tsaya a bakin ƙofa sauran su yi aikinsu a bayanka.